Jijiya ɗaya ce ko huɗu? Tambayar wata ɗalibar jinya a Maraɗi

Ɗaliba_Mokoyo:
Assalamu alaikum iyayena da yayyena na wannan zaure. Ni ɗaliba ce a shekarar farko ta karatun jinya a nan Maraɗi, kuma akwai abin da ya tsaya mini a rai tun makon jiya. A aji an koya mana abubuwa huɗu da Faransanci, wato artère, veine, nerf da tendon, kowanne da babinsa da zanensa. Da na koma gida kakata ta ce in gaya mata abin da muka karanta, sai na tarar duka huɗun "jijiya" nake ce musu. Ta saurare ni har na gama, sannan ta ce, "Ashe kwana biyar kuka yi kuna karatun abu ɗaya." Na rasa amsar da zan ba ta. Shin Hausa ce ba ta da sunayen da suka rarrabe su, ko kuwa mu ƴan boko ne ba mu san sunayen ba? Ina tambaya ne domin gobe idan na tsaya a gaban majinyaci, ba Faransanci zan yi masa ba.

Malamin_SVT_Zariya:
Wa alaikumus salam, ɗiyata. Shekaru da dama ina koyar da wannan darasi a koleji, kuma na lura yaro ya fi saurin ganewa idan ya taɓa abin a jikinsa kafin a ba shi suna. Ki gwada da kakar taki. Ki ɗora mata yatsu biyu a wuyan hannu, ta gefen babban yatsa, za ta ji abu yana harbawa: wannan shi ne artère, bututun da ke ɗauko jini daga zuciya zuwa jiki, kuma a babban mutum da yake hutawa yakan harba sau 60 zuwa 100 a minti ɗaya. Ki sa ta saki hannun ƙasa ta dubi bayansa, za ta ga wasu layuka sun kumbura amma ba sa harbawa: su ne veine, masu mayar da jini zuwa zuciya, kuma a cikin irinsu ake sa ƙarin ruwa. Ki sa ta dunƙule hannu da ƙarfi, za ta ga wasu igiyoyi masu tauri sun taso a wuyan hannun: waɗannan su ne tendon, babu jini da ke gudu a cikinsu, aikinsu haɗa tsoka da ƙashi. Na huɗun ba a ganinsa, amma babu wanda bai taɓa buga gwiwar hannunsa a jikin ƙofa ba ya ji wani abu kamar lantarki ya tsarga har ƙaramin yatsa. Wannan shi ne nerf, mai kai saƙo tsakanin ƙwaƙwalwa da jiki. Idan ta taɓa ukun ta tuna na huɗun, ba za ta ƙara cewa abu ɗaya ba ne.

Ɗan_Kasuwa_Sabon_Gari:
Malam, bayaninka ya gamsar, amma bai amsa tambayar yarinyar ba. Ita suna ta nema. A ganina gara mu faɗi gaskiya: Hausa ba ta kai ga wannan ilimi ba, shi ya sa ake koyar da shi da Faransanci.

Mahauci_Bagalam:
Alhaji, da girmanka, ban yarda ba. Ni fawa na gada, kuma tun ina yaro nake zuwa mayanka da asuba. Igiyar nan mai tauri ta dunduniya, wadda muke soka ƙugiya a bayanta mu rataye dabba, sunanta agara, kuma babu mahaucin da zai kira ta da sunan abin da jini ke bi. Farin abin nan mai laushi da ke cikin ƙashin baya sunansa laka. Na cikin ƙashin ƙafa ɓargo ne. Muna da guringuntsi, muna da tantani, muna da saifa, ƙoda, hanta, huhu, tumbi, hanji, mafitsara, da matsarmama wadda idan ta fashe a kan hanta ta ɓata maka ciniki. Wurin yanka kuma kowa ya san sai an yanke maƙogwaro da jijiyoyin wuya biyu. Sunaye suna nan a bakin masu sana'a. Abin da ya faru shi ne masu karatu ba sa zuwa wurinmu su tambaya, mu kuma ba ma zuwa ajinsu.

Malamin_SVT_Zariya:
Sarkin fawa ya yi gaskiya, kuma zan ƙara wa Alhaji wani abu. Faransancin da muke gani kamar ya gama rarrabe komai, shi ma a bakin talakawansa a cakuɗe yake. Bafaranshe idan ya ci nama mai tauri yakan ce cike yake da nerfs, alhali agara yake nufi. Tsohuwar kalmar Latin da aka samo nerf, sunan jijiyar saƙo, daga gare ta, asalinta igiyar tsoka take nufi. Kalmar artère kuwa ta fito ne daga zamanin da ake zaton iska ce ke bin waɗannan bututu, domin idan an buɗe gawa akan same su babu jini. Likitocinsu ne suka zauna suka ƙayyade wa kowace kalma ma'ana ɗaya, suka yi ta koyarwa har ta zauna. Wannan aikin ne ba mu gama yi wa Hausa ba.

Baƙo_daga_Katsina:
Ina gaishe da mutanen Maraɗi. A wajenmu masu shirin lafiya a rediyo sukan ce "jijiyar jini" idan bututun jini suke nufi, su ce "jijiyar laka" ko "jijiyar ƙwaƙwalwa" idan mai kai saƙo suke nufi. Amma ban ji sun daidaita a kan yadda za a raba mai fita daga zuciya da mai komawa ba. Wasu suna cewa jijiyar jan jini da jijiyar baƙin jini.

Majo_Mai_Ritaya:
Ɗiyata, kada ki ɗauki wannan a matsayin gardamar kalmomi kawai, domin na ga inda rashin rarrabewar ya nakasa yaro. Shekarun baya, ina aiki a wani ƙaramin asibitin karkara, aka kawo mini yaro ɗan shekara huɗu yana jan ƙafa, tafin ƙafar ya saki ba ya ɗagawa. Uwar ta ce shan inna ne. Da na bincika sai na gano zazzaɓi ya yi, aka kai shi wurin wani mai sayar da magani ya yi masa allura a tsakiyar ɗuwawu. A daidai wurin nan jijiyar saƙo mafi girma a jikin mutum take wucewa, kaurinta a babba ya kai na babban yatsa, ta fito daga ƙugu ta gangara bayan cinya har ƙafa. Na aika aka kira mai allurar, na tambaye shi ko bai san akwai jijiya a wurin ba. Ya ce ya sani, shi ya sa ya ja sirinjin baya ya duba, da bai ga jini ba ya tabbata bai taɓa jijiya ba. Kin gani? Shi jijiya ɗaya ya sani, mai jini. Bai san akwai wadda ba ta zubar da jini ba, amma idan aka taɓa ta ƙafa ta tafi. Saboda haka ake koya muku ku raba ɗuwawu gida huɗu ku yi allura a na sama ta waje, ƙananan yara kuwa a gefen cinya. Irin wannan jijiya idan ta samu rauni tsirowarta a hankali ce, kamar milimita ɗaya a rana, wani lokaci ma ba ta dawowa daidai. Yaron ya samu sauƙi bayan watanni, amma ɗingishin bai rabu da shi gaba ɗaya ba.

Ɗaliba_Mokoyo:
Baba Majo, wallahi jikina ya yi sanyi. An koya mana wurin allura, amma ba a taɓa gaya mana dalilin ta wannan fuska ba. Na gode.

Wanzamin_Ɗan_Gulbi:
Tunda baƙonmu na Katsina ya ambaci baƙin jini, ni ma ina da tambaya ga masana. Mu idan mun yi ƙaho, jinin da ke fitowa baƙi ne, a daskare, kuma tun kakanni mataccen jini muke ce masa. Shin wannan shi ne jinin da ke cikin jijiyar da ba ta harbawa? Idan shi ne, ashe rabin jinin mutum matacce ne ke nan?

Likita_Tasawa:
Baba wanzami, tambayar tana da kyau, amsar kuma ita ce a'a. Jinin da ke komawa zuciya rayayye ne sarai, duhun da ya yi saboda ya sauke wani kaso na iskar oksijin da ya ɗauko ne. Da zarar ya ratsa huhu ya sake ɗaukar iska, sai ya koma ja mai haske. Babban mutum yana da jini kamar lita 5, kuma idan yana hutawa zuciya tana tura kusan wannan adadin a minti ɗaya, wato jinin da yake mai duhu yanzu, nan da minti guda ya yi ja ya sake fita. Na cikin ƙaho kuwa yana fitowa ne daga ƙananan hanyoyin da ke ƙarƙashin fata, ya tsaya a cikin ƙahon ya daskare, kamar yadda kowane jini yake yi idan ya bar jiki. Gaskiya ne jajayen ƙwayoyin jini suna tsufa, kwana 120 suke yi, amma ba sa taruwa a gadon baya ko a ƙeya suna jiran a zuƙe su. Saifa da hanta ne ke tsince su, ɓargo kuma yana ƙera sababbi kullum. Launin da ke fita daga tsofaffin shi ke tafiya cikin ruwan matsarmama, kuma idan ya yi yawa a jiki shi ne shawarar da ake gani a ido.

A kan sunayen da baƙonmu ya kawo kuma, ina da ja. Idan muka ce jijiyar jan jini da ta baƙin jini, za mu yi tuntuɓe a huhu, domin bututun da ke fita daga zuciya zuwa huhu jini mai duhu yake ɗauke da shi, waɗanda ke dawowa daga huhu kuma ja suke kawowa. Abin da ya raba su shi ne inda suka dosa, ba launi ba.

Wanzamin_Ɗan_Gulbi:
Dokta, na ji bayanin launi kuma na karɓa. Amma mutanen da nake yi wa ƙaho suna tashi suna cewa jikinsu ya yi sakayau, wannan kuma ido na ya gani, ba labari ba ne.

Likita_Tasawa:
Ban musa abin da suka ji ba, Baba. Abin da na ce kawai shi ne jinin da ya fita ba matacce ba ne. Roƙona ɗaya: mai ƙarancin jini da mace mai ciki a bar musu nasu, kuma aska ɗaya mutum ɗaya.

Ungozoma_Tibiri:
Maganar Dokta ta tuna mini da cibiya. Duk jaririn da na karɓa, idan na yanke cibiya sai na dubi bakinta na ƙirga: ƙananan bututu biyu masu kauri da babba ɗaya mai laushi. Babban nan shi ke kawo wa jariri jini mai iska daga mabiyiya, alhali a karatu sunansa veine, ƙananan biyun kuma su ke fitar da wanda aka gama amfani da shi. To a nan ma launi ya juye. Ƙanwata ɗaliba, ki riƙe wannan domin malamai suna son tambayarsa. Ki kuma riƙe cewa zuciyar ɗan tayi tana bugawa sau 110 zuwa 160 a minti, kada ki ji saurin ki firgita ki firgita uwar.

Mahauci_Bagalam:
To tunda haka ne, me zai hana a riƙa kawo ɗaliban nan mayanka? Zuciyar rago idan ka tsaga ta za ka ga ɗakuna huɗu da ƴan marufansu, kuma na ji ana cewa ta mutum ma haka take. Da ganin zane a allo gara a riƙe abin a hannu.

Malamin_SVT_Zariya:
Ni kaina duk shekara sai na sayi zuciya da huhu da ƙodar rago na kai aji, kuma ranar ce kaɗai ba na fama da masu gyangyaɗi. Idan aka zura tiyo a maƙogwaro aka hura, huhun ya kumbura ya yi fari-fari, yara ba sa mantawa. Amma akwai iyaka, kuma tarihi ya nuna ta. Jalinusa, babban likitan zamanin Rumawa a ƙarni na 2, birai da aladu da shanu ya riƙa feɗewa, ya ɗauka mutum ma haka yake. Ya ga wani curin ƙananan jijiyoyin jini a gindin ƙwaƙwalwar tumaki da shanu, ya rubuta cewa mutum yana da shi, aka yi ta koyar da hakan fiye da shekara dubu, sai da wani likita mai suna Vesalius ya feɗe gawar mutane da hannunsa ya fitar da aikinsa a 1543 aka tabbatar babu. Jalinusa ya kuma ce akwai ƙofofin da ido ba ya gani a bangon da ya raba zuciyar dama da ta hagu. Ibnun Nafis, likitan da ya yi aiki a Alƙahira ya rasu a 1288, shi ya ce babu wata ƙofa a wurin, jini sai ya bi ta huhu kafin ya isa ɓangaren hagu. Cikakken bayanin zagayen jini a jiki duka kuwa sai a 1628 William Harvey na Ingila ya kawo shi. Saboda haka rago malami ne, amma sai an san inda yake kama da mu da inda ya saɓa.

Mahauci_Bagalam:
Wannan kam haka yake, domin ko tsakanin dabbobin akwai bambanci. Ƙodar rago sumul take, ta sa kuwa ƙulli-ƙulli ce. Raƙumi ba shi da matsarmama sam, duk wanda ya feɗe shi ya sani. To ta mutum wacce ta ɗauko?

Likita_Tasawa:
Ƙodar babban mutum sumul take kamar ta rago, kuma muna da matsarmama. Inda muka rabu da rago sosai shi ne tumbi: nasa gida huɗu ne saboda tuƙa, namu jaka ɗaya ce. Huhunmu na dama kashi uku ne, na hagu biyu, domin zuciya ta ɗan karkata hagu ta ci wuri. Ƙashin wuya kuwa bakwai ne a mutum, bakwai a rago, bakwai a raƙuman dawan nan na Kure duk da tsawon wuyansu.

Uwar_Biyu_Ali_Ɗan_Sofo:
Ku gafarce ni, ni ba ma'aikaciyar lafiya ba ce, amma ba jijiya kaɗai ke da wannan matsala ba. Surukata ta yi wata guda tana cewa zuciyarta ke ciwo, hankalinmu ya tashi, muka kashe kuɗin gwaje-gwaje. Ashe ƙahon zuciya take nufi, ƙwannafi ne da gyambon ciki. Haka kalmar "ciki": tumbi ciki ne, mara ciki ce, juna biyu ma ciki ne.

Majo_Mai_Ritaya:
Hajiya, shi ya sa tsofaffin ma'aikata ba ma tsayawa a kan abin da baki ya faɗa, sai mu ce wa majinyaci ya nuna wurin da yatsa ɗaya. Amma a yi hattara ta ɗaya gefen ma: ciwon zuciya na gaske yakan zo kamar nauyi a ƙirji ko zafi a ƙahon zuciyar, ya tafi kafaɗa ko hannun hagu ko muƙamuƙi, da gumi. Gwajin da kuka yi wa dattijuwa ba asara ba ne.

Sannan ga wani wurin da jijiya ke rikita mutane. Idan hawan jini ya fasa ko ya toshe jijiyar jini a ƙwaƙwalwa, ɓarin jiki ya shanye, sai dangi su yi ta murza hannun da man zafi suna cewa jijiyar hannu ce ta mutu. Hannun lafiyarsa lau, ɓarnar tana cikin kai, kuma a ɗaya gefen: idan dama ce ta shanye, hagun ƙwaƙwalwa ne ya taɓu, domin hanyoyin saƙo suna gicciyewa kafin su gangara laka. A ciwo ɗaya an samu jijiya iri biyu, ta jini ce ta lalace, ta saƙo ce ta daina aiki.

Baƙo_daga_Katsina:
Baba Majo, tunda ka ambaci hawan jini, wani ɗan'uwana ya auna a Maraɗi aka ce masa 14 da 9, ya dawo gida aka ce 140 da 90, ya rantse ɗaya daga cikin na'urorin ta lalace.

Majo_Mai_Ritaya:
Duka biyun daidai ne. Mu nan da santimita muka saba faɗa, ku da milimita. Lambar sama ƙarfin turin jini ne lokacin da zuciya ta matse, ta ƙasa kuma lokacin da ta saki. Ka gaya masa ya bar zargin na'ura ya koma a sake aunawa, domin 14 da 9 bakin iyaka ne.

Ɗaliba_Mokoyo:
Na gode muku duka. Ga abin da na rubuta a littafina, ku gyara mini: jijiya mai harbawa ga mai fita daga zuciya, jijiya mai mayarwa ga mai komawa, jijiyar saƙo ga ta laka da ƙwaƙwalwa, sai agara ga mai haɗa tsoka da ƙashi.

Malamin_SVT_Zariya:
Uku na farkon sun yi mini. Agara ce nake shakka, domin a kunnen yawancin mutane ta dunduniya kaɗai take nufi. Idan kika ce wa mutum agarar yatsansa ta tsinke, zai dube ki.

Mahauci_Bagalam:
Zai dube ta sau ɗaya, Malam, na biyu ya gane. Ai kai ka ce likitocin Turawa ma haka suka yi da tasu kalmar.

Ɗan_Kasuwa_Sabon_Gari:
Na janye rabin maganata, ban janye duka ba. Sunayen da kuka tsara a nan, idan ma'aikaciyar Dakwaro da ta Madarunfa ba su san da su ba, kowa zai ci gaba da faɗin nasa, majinyaci kuma ya ci gaba da jin jijiya kawai.

Likita_Tasawa:
Ɗiyata, kafin ki rufe littafin ki bar layi biyu. Akwai igiyar da ke ɗaure ƙashi da ƙashi a gaɓa, wadda ke yagewa idan an yi targaɗe, ita ma jijiya mutane ke ce mata, kuma ba agara ba ce domin babu tsoka a jikinta. Akwai kuma siraran hanyoyin farin ruwa da ke bi ta kaluluwa, waɗanda za ku karanta nan gaba. Ki gaya wa kakarki lissafin ya tashi daga huɗu ya koma shida.

Ɗaliba_Mokoyo:
Dokta, na gwada mata na wuyan hannu jiya da dare kamar yadda Malam ya ce. Ta ji harbawar, ta ƙirga da kanta ta samu 76, yanzu duk wanda ya shigo gidan sai ta kama hannunsa. Sauran biyun zan bari sai na karanta su. Sarkin fawa, ni da ƙawayena uku muna so mu zo ranar Asabar, ƙarfe nawa ake fara fiɗa?

Mahauci_Bagalam:
Ana idar da sallar asuba. Ku zo da takalman roba.